Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki Mai Cajin Rana: Abin da Na Gani Bayan Wata Takwas a Hannun Gwaggo

A watan Disambar bara, ana saura mako guda Kirsimeti, na shiga wani kantin littattafan Kirista da ke Jos da niyyar sayen kalandar sabuwar shekara, sai na fito da wata 'yar na'ura mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, irin wadda ake yi wa caji da hasken rana. Ba don kaina na saye ta ba. Gwaggona, yayar mahaifina, tana zaune a ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi, shekarunta sun haura saba'in, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma yanar ido ta cinye mata gani har ta kai ba ta shaida mutum sai ya yi magana. Tun tana budurwa ta bar tsafin gidansu ta ba da gaskiya, ta yi shekaru masu yawa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, amma duk abin da ta sani na Nassi ta kunne ya shige ta, ko dai daga bakin mai wa'azi ran Lahadi, ko daga bakin jikokin da take roƙo su karanta mata, su kuwa da sun karanta aya biyar sai su ce ana kiransu a waje. Yanzu na'urar ta yi wata takwas a hannunta, ta ga hunturu ta ga bazara ta shiga damina, ni kuma na je gida sau huɗu a tsakani, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Girmanta bai wuce na sabulun wanki ba, jikinta roba ce mai kauri, bayanta kuma farantin sola ne. Tana da madannai shida a gaba, da lasifika guda, da ramin sa abin saurare na kunne, da 'yar tocila a ka, tana kuma kama tashoshin FM. Sautin yana cikin katin memori ne da aka soke a gefe. Babu sunan kamfani a jikinta sai wata takarda da aka manna, kuma kuɗin da na biya bai kai na ƙaramar waya mai madannai ba, abin da ya sa ban yi dogon ciniki ba. A cikin katin akwai Sabon Alkawari dukansa, littattafai 27 daga Matiyu zuwa Wahayin Yahaya, sai Farawa da Zabura da Karin Magana daga Tsohon Alkawari, sai wani sashe na dabam mai ɗauke da wa'azi goma sha biyu, wanda zan dawo kansa domin a nan ne nake da magana.

Abin da ya fi burge ni tun daga farko shi ne muryar mai karatun. Namiji ne da Hausa ta zauna a bakinsa, yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, ba ya gaggawa, ba ya kuma yin irin muryar nan ta kuka da wasu ke ɗauka ita ce alamar tsoron Allah. Duk wanda ya taɓa jin an karanta Nassi a majami'a ana cewa «kasa» a inda ake nufin «ƙasa» ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fassarar ita ce ta 1979 da aka saba karantawa a yawancin majami'unmu, mai cewa Matiyu da Yahaya, ba tsohuwar ta 1932 ba mai cewa Matta da Yohanna, wadda Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarta. Gwaggo ta ɗan yi ƙorafi a kan wannan, domin a bakin tsohon mai bisharar da ya koya musu ayoyin haddace, Yohanna ta sani, amma cikin kwana biyu kunnenta ya saba. Ta ce muryar ta tuna mata da zamanin da ake taruwa a ƙofar gida ɗaya mai rediyo a saurari Muryar Bishara, wadda ake shirya shirye-shiryenta na Hausa a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe gidan rediyon. Bambancin shi ne wancan sai ka jira lokacinsa, wannan kuwa ita take jiranka.

To, ga aibin da ya kusa sa in yi da-na-sanin sayenta. Na'urar tana tuna littafin da aka tsaya a kai, amma ba ta tuna sura. In aka kashe ta ana tsakiyar sura ta tara, gobe in aka kunna sai ta koma sura ta ɗaya ta wannan littafin. Mai ido, wanda ya san madannin tsallake sura, ba zai ɗauki wannan a bakin komai ba, ni ma ban lura da shi ba a kantin. Ranar da zan bar gida bayan sabuwar shekara na saita mata ita a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, domin ita ce faston ƙauyen ya ce za su bi a nazarin tsakiyar mako, na nuna mata madannin kunnawa da na ƙara murya kaɗai, na kama hanya. Al'adarta kuwa ita ce bayan tuwon dare ta kwanta a tabarma ta kunna, kafin kwata na awa barci ya ɗauke ta, jikarta ta zo ta kashe. Wanda ya san tsarin wannan wasiƙa zai gane abin da ya faru ba sai na faɗa ba. Daga sura ta 1 aya ta 18 har zuwa sura ta 3 aya ta 20, Bulus ba ya yin komai sai kafa hujja a kan ɗan Adam: fushin Allah ya bayyana daga sama a kan dukan rashin tsoronsa da mugunta, ga jerin laifuffuka da ya haɗa kisankai da hassada da tsegumi da rashin biyayya ga iyaye a layi ɗaya, ga gargaɗi ga mai ganin laifin wani cewa shi ma ba shi da hanzari, ga ranar da Allah zai hukunta asiran zukata, har ya rufe da cewa babu mai adalci ko ɗaya, domin a toshe kowane baki. Juyin yana zuwa ne a aya ta 21, inda ya ce amma yanzu an bayyana adalcin Allah ba ta hanyar Shari'a ba, ya kuma bi da cewa dukan mutane sun yi zunubi sun kasa kai ga ɗaukakar Allah, amma ana kuɓutar da su kyauta ta wurin alherinsa, ta fansar da ke cikin Almasihu Yesu. Gwaggo ba ta taɓa kaiwa wannan aya ido biyu ba. Kusan mako biyar tana kwana da ƙarar da aka shigar a kanta, ba ta taɓa jin yadda shari'ar ta ƙare ba.

Da na koma a watan Fabrairu na same ta ta yi sanyi, ba ta cika surutun da na san ta da shi ba. Da dare, bayan yara sun watse, sai ta ce mini: «Ɗana, wannan akwatin naka ya san ni.» Na tambaye ta abin da take nufi, sai ta kawo maganar da kowa a gidanmu ya sani amma ba mai taɓawa. Shekaru da yawa da suka wuce ta yi rigima da ƙanenta, baffana, a kan wata 'yar fadama ta gado, cikin fushi ta ce masa ko gawarta kada ya zo, sai ga shi shi ne ya riga ta, ba su shirya ba. Ta ce kullum dare na'urar tana zuwa wajen masu gaba da marasa tausayi sai ta ji kamar sunanta ake kira, ta kuma ce ai dama an faɗa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ban yi mata wa'azi ba, domin ni ba fasto ba ne, kuma ba ya kyautuwa yaro ya zauna yana yi wa gwaggonsa nasiha. Na ɗauki na'urar na danna madannin tsallake sura sau biyu, na ce mata: «Gwaggo, yau kada ki kwanta, ki zauna mu ji tare.» Muka saurara daga sura ta 3 har ƙarshen ta 8, abin da ya ɗauke mu wajen rabin awa da 'yan mintoci.

A nan ne na ga ainihin amfanin wannan kaya, wanda ya sa duk da aibinsa nake yaba shi. Mu masu karatu mun saba da tsintar aya ɗaya daga nan, ɗaya daga can, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har mun manta cewa wasiƙa ce aka rubuta domin a karanta wa jama'a da murya daga farko zuwa ƙarshe. Bulus ma da baki ya faɗa, wani ya rubuta, marubucin ya ambaci kansa a sura ta 16, sunansa Tartiyas, lambobin sura da na aya kuwa sai bayan fiye da shekara dubu aka sa su. Idan aka saurare ta a jere, mutum yana jin yadda hujjar take hawa mataki-mataki. Gwaggo ta yi shiru har muka kai sura ta 4, wurin da ake cewa ladan ma'aikaci ba a lasafta shi kyauta, hakkinsa ne, amma wanda bai yi aiki ba, sai dai ya gaskata da mai kuɓutar da marasa tsoron Allah, bangaskiyarsa ce ake lasafta masa adalci. Sai ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. Na tsayar. Ta ce: «To, ashe wannan alherin ba biki ba ne.»

Na daɗe ina juya wannan magana tata, kuma ina ganin ta taɓa wani abu da masu wa'azi da Hausa ya kamata su kula da shi. Kalmar alheri da aka zaɓa a fassara tana da daɗi, amma a bakinmu na yau da kullum tana tafe da kayanta. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, muna cewa alheri gadon barci, kuma duk biyun suna nufin mai yin alheri zai ga sakamakonsa. Matan ƙauyenmu sun fi kowa sanin lissafin: abin da kika kai wa wata ran sunan ɗanta yana nan a rubuce a zuciyarta, ran naki za ta mayar da ƙari, wadda ta kasa mayarwa kuwa ta shiga bakin duniya. Mace da ta yi shekara hamsin a cikin wannan tsari, in ta ji an ce Allah ya yi mata alheri, abin da zai fara zo mata shi ne da me za ta rama, in kuma ta duba ta ga hannunta babu komai sai gabar da ta yi da mamaci, sai ta yanke wa kanta hukunci. Koyarwar Kirista kuwa a wannan wuri ta saba wa lissafin biki gaba ɗaya. Sura ta 5 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wasiƙar Afisawa sura ta 2 ta ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba yin kanku ba ne, baiwa ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, kada wani ya yi fariya. Ba a soke hukunci ba, ba a kuma ce zunubin ƙarami ne ba. Abin da ake cewa shi ne wani ya ɗauki hukuncin. Da muka kai farkon sura ta 8, inda aka ce yanzu babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, sai ta ce in maimaita mata, kuma da yake na'urar ba ta da madannin komawa baya da aya ɗaya, dole na sake sura ta 8 daga farko har sau uku. Wannan ma aibi ne, ko da yake a daren bai dame mu ba.

Washegari na nemi gam na ɗiga ɗigo ɗaya a kan madannin tsallake sura, na bar shi ya bushe ya yi tudu, domin ta riƙa gane shi da yatsa. Dabarar ta yi aiki, kuma ina ba duk wanda zai saya wa makaho ko tsoho shawarar ya yi haka tun ranar farko, domin madannan shida duk girmansu ɗaya, santsinsu ɗaya, alamomin da ke kansu kuma zane ne kawai da ba a ji a hannu. Abin mamaki ne a ce kayan da aka yi musamman domin wanda ba ya karatu, ba a yi tunanin wanda ba ya gani ba.

Sai sashen wa'azi. Na zauna na saurari duka goma sha biyun a Jos kafin in yanke shawara a kansu. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga masu wa'azin ba, ba a faɗi ikilisiyarsu ba, kuma a fili yake cewa a wuraren taro dabam-dabam aka ɗauko su, domin a wasu ana jin ƙarar janareta, a wani kuma makirufo yana ta kuwwa. Tara daga ciki a kan ranar shari'a ne da wutar jahannama da alamun ƙarshen zamani, ɗaya a kan zakka da baiko, biyu kaɗai suka ɗauki gafara a matsayin kan magana. Ba ina cewa kada a yi wa'azin hukunci ba ne. Yesu da kansa ya ba da misalin raba tumaki da awaki a Matiyu 25, wasiƙar Ibraniyawa ta ce an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a, Wahayin Yahaya sura ta 20 ta nuna babban farin kursiyi da littattafan da za a buɗe, kuma duk Lahadin da muka faɗi Shaidar Bangaskiya muna furta cewa zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a. Wanda ya cire wannan ya cire dalilin da ya sa ake bukatar ceto tun farko. Damuwata ita ce maganin da yawancin waɗannan masu wa'azi suke bayarwa bayan sun gama tsoratarwa. Ɗaya daga cikinsu ya yi kusan minti arba'in yana kwatanta zafin wuta, da ya zo faɗin mafita sai ya ce a daina fashin sujada, a riƙa fitar da zakka daidai, mata su gyara shigarsu, ya yi addu'a ya rufe, bai ambaci gicciye ko sau ɗaya ba. Wannan ai shi ne lissafin bikin da Gwaggo ta gano, an sa masa rigar majami'a. Tsohuwar muhawara ce a tarihin ikilisiya: a kanta Augustine, bishop na Hippo a ƙasar da yau take Aljeriya, ya yi jayayya da Pelagius, mai koyar da cewa mutum yana iya kaiwa ga adalci da ƙoƙarin kansa, a farkon ƙarni na biyar, a kanta kuma Martin Luther ya tashi a Jamus a 1517 lokacin da ake sayar da takardun sassauta horon zunubi. Abin da aka yi ƙarnuka ana warwarewa bai kamata mai shago ya mayar da shi baya ta hanyar loda duk abin da ya samu a katin memori ba.

Daga wa'azi biyun da suka yi magana a kan gafara, ɗaya yana da kyau ƙwarai. Wani dattijo ne mai sanyin murya ya bi misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18, ya tsaya a kan yadda mai karɓar harajin ya ƙi ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai, kuma shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Ɗayan kuwa ya faɗa ɗaya ramin, yana magana kamar alheri lasisi ne, kamar tuba ba ta da wani aiki tun da an riga an biya. Bulus ya amsa wannan da kansa a farkon Romawa 6, inda ya tambaya ko za mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita, ya ce a'a, ko kaɗan. Mai sauraren da ya san Nassi zai iya tace waɗannan wa'azozi ya ɗauki na ɗauka, amma wanda aka yi na'urar dominsa ba shi da abin tacewa, kuma da yake murya ce ke fitowa daga akwati ɗaya, yana da wuya ya bambance inda Nassi ya tsaya da inda ra'ayin mutum ya fara. Gwaggo da kanta ta taɓa ce mini «Littafi ya ce» a kan wata magana da na san daga bakin mai wa'azin wuta ta fito.

Rashin sauran Tsohon Alkawari ma ya rage wa kayan daraja, musamman a kan wannan batu. Zabura 51 tana ciki, addu'ar Dawuda ta neman a wanke shi a ba shi zuciya mai tsabta, kuma Gwaggo tana sonta har ta haddace rabinta. Amma littafin Sama'ila na biyu ba ya ciki, saboda haka ba ta jin labarin da ya haifi addu'ar: yadda Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kai mijin bakin dāga aka kashe shi, yadda annabi Natan ya zo masa da misalin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya har sarki ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. A wannan labari ne ake ganin abin da yake da wuyar bayani da baki, wato an gafarta wa Dawuda nan take da ya amsa laifinsa, amma yaron ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Mutumin da yake ɗauke da laifin da ba ya gyaruwa, kamar gaba da wanda ya riga ya kwanta dama, yana bukatar jin cewa gafara tana samuwa ko da tabon bai goge ba. Dole ni na karanta mata surori na 11 da 12 daga nawa littafin.

Game da ƙarfin jiki da batir, ba ni da ƙorafi mai yawa. A bazara, in ta wuni a kan rufin rumbu, tana yin dare uku ana saurare. A hunturu, ranakun da hazo ya yi kauri, cajin ba ya cika, a damina kuma in aka yi kwana biyu ana hadari sai an kai ta wurin mai cajin waya a bakin kasuwa, abin sauƙin shi ne wayar cajinta irin ta kowace ƙaramar waya ce. Babban mai cin batirin ba rana ba ce, jikoki ne, domin tocilar da rediyon sun sa na'urar ta zama abin wawaso, har sai da Gwaggo ta fara ɗaure ta a bakin zane. Da za a tambaye ni, da na ce a cire rediyon gaba ɗaya. Ta faɗo daga kan katanga sau ɗaya ba ta fashe ba, sai dai tun daga ranar lasifikar tana ɗan zuza in an ƙure murya. Ramin katin memori ba shi da murfi, ƙura tana shiga, yaro kuma yana iya zare katin ya sa a waya, don haka na rufe shi da salatif. Muryarta tana da ƙarfi har ta tsallaka katanga, kuma da yake muna zaune da maƙwabta Musulmi da muke mutunta juna tun kakanni, na roƙi Gwaggo ta riƙa rage ta da dare. Kalmomin da suke ji, zunubi da tuba da gafara da hukunci, duk nasu ne kamar yadda suke namu, ko da yake mun bambanta a kan hanyar samun gafarar, kuma irin wannan magana ta fi kyau a yi ta a zaune da yardar juna, ba ta kan katanga ba.

Wanda yake da babbar waya kuma yana iya karatu ba ya bukatar wannan na'ura, domin akwai manhajoji na kyauta masu ɗauke da fassarar Hausa fiye da ɗaya, da rubutu da sauti, suna kuma tuna inda aka tsaya. Amfaninta yana ga tsofaffi, da makafi, da mutanen ƙauyen da ba lantarki ba kuɗin data. Su ma kada a miƙa musu a juya baya kamar yadda na yi, domin na'ura ba ta amsa tambaya, ba ta kuma ganin fuskar mai saurare ta san ya karaya. Da na koma kantin a watan Maris na yi musu bayanin matsalar komawa sura ta ɗaya, mai kantin ya ce haka suke zuwa, ba abin da za su iya yi, bai kuma nuna alamar zai riƙa gaya wa masu saye ba, abin da bai yi mini daɗi ba. Sai dai yarinyar da ke tsaron kantin ta karɓi katin ta sa a kwamfuta ta goge mini wa'azi goma sha ɗaya, ta bar na dattijon nan, ba ta karɓi ko sisi ba.

Zuwana na ƙarshe a watan Agusta ne, dawa ta yi tsayi har ta rufe hanyar rafi. Na tarar Gwaggo ta bar Romawa ta koma Matiyu 18, misalin bawan da aka yafe wa bashin talanti dubu goma, dukiya mai ɗimbin yawa, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan ɗan bashin dinari ɗari, tana danna tudun gam ɗin nan sau goma sha bakwai tana ƙirgawa da baki har ta iso wurin. Na kuma ji daga bakin mahaifina cewa tun farkon damina ta aika aka kira matar marigayi baffana, suka daɗe a ɗaki su biyu, kuma bana 'ya'yan marigayin ne suka shuka shinkafa a fadamar. Ba zan ce na'urar ce ta yi wannan ba, domin faston ƙauyen ya yi ta zirga-zirga a kan maganar shekara da shekaru, tsufa ma yana da nasa aikin. Abin da na sani shi ne da zan tafi ta kama hannuna ta ce: «Ɗana, in ka koma ka sayo wa matar baffanka irin wannan, ita ma idonta ya fara tafiya.» Na koma kantin makon jiya, na tarar kuɗin ya ƙaru, na saya duk da haka. Kafin in fito na sa yarinyar ta goge wa'azozin, na ɗiga gam a kan madannin tsallake sura tun a kan teburinsu, na kuma saita ta a kan Luka, domin ko ta koma sura ta ɗaya kullum, da labarin Zakariya da Alisabatu za ta fara.